Jinin Damagaram a Cikin Kwalba

Na sauka tashar jirgin ruwa ta Marsey da akwati biyu. Na ƙarfe shi ne nawa, akwai riguna a ciki, da kilishin da innata ta ƙulle mini, da wani manto mai kauri da tsohon mushenmu, malaminmu na lakwal, ya ba ni saboda sanyi. Na katako kuwa na Farfesa ne, cike da gilasai da ƙananan kwalabe na jinin mutanen Damagaram. Shi ya riga ya wuce ta jirgin sama, ya bar mini sauran kayan in biyo shi da su.

Sunana Lawali, ɗan unguwar Birni, mahaifina baduku ne. A tsakiyar shekarun hamsin ina aikin anfirme a gidan likita na Zinder sai ga wannan Nasara, Farfesa, ya zo, masanin abin da ɗa ke gada a jinin iyayensa. Yana neman wanda ke jin Hausa da Faransanci, kuma ya iya samun jijiya da allura, sai kumandan ya aika aka kira ni. Muka zagaya Tirmini da Gaffati da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Da mutane suka fara ɓuya in sun hango motarmu, sai muka koma Kara-Kara, wajen kutare da makafi, su da ba su da bakin cewa a'a. Mutane suka sa masa suna Mai Kwalba.

Yayata Habsu tana aure a Tirmini, wajen Malam Idi mai sayen gyaɗa. Ta binne ƴaƴa uku, dukansu iri ɗaya: hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, yaro ya yi ta ihu in an taɓa shi. Amosani muke ce masa. Na huɗun, Sani, shi ma ya fara. Farfesa ya ɗebi jinin Habsu da mijinta da Sani, ya tambayi sunayen waɗanda suka rasu da shekarunsu, ya rubuta. Ya ɗebi nawa ya ɗora a madubin likita ya ce in leƙa. Na ga ƙwayoyin jinina suna lanƙwashewa kamar lauje. Ya ce ni ba zan yi ciwon ba, ɗauke da shi kawai nake. Sannan ya ce in na biyo shi Faransa zai samo mini bursu, kuɗin tallafin gwamnati, in yi karatu in zama lokotoro. Abin da ya kawo ni Marsey ke nan.

Ina tsaye a bakin tasha ban san gabas ba ban san yamma ba, sai wani baƙar fata mai kwat da laktaye ya nufo ni yana murmushi. Ya ce daga biron karɓar ɗalibai aka aiko shi, in kawo akwatunan ya kai wa ƴan duwan masu binciken kaya su buga hatimi. Na miƙa masa na ƙarfe. Da ya kai hannu kan na katako sai na riƙe, domin Farfesa ya ce kada ya bar hannuna ko da minti ɗaya. Mutumin ya ce ba komai, in zauna a nan yanzu zai dawo. Na zauna a kan akwatin katako daga hantsi har la'asar. Iska mai sanyi ta taso daga teku tana ratsa ƴar rigar da ke jikina. Da na gane abin da ya faru sai na hau zagin mutumin da Hausa, a fili, ban damu da masu wucewa ba.

Wani dattijo mai dako, da buhu a kafaɗa, ya tsaya ya dube ni.

"Kai ɗan ina ne da wannan baki haka?"

Na ce, "Damagaram, Baba."

Ya sauke buhun. "Wushe, wushe. Ni ɗan Gure ne. Tashi mu tafi, sanyin nan ba ya wasa."

Baba Kyari sunansa, Babarbare, tsohon soja. An kawo shi yaƙi, aka gama yaƙi, ya yi ta jiran takardar fanshonsa har ya zama ɗan dako. Ɗakinsa bai fi rumbu ba, su uku ne a ciki. Ya tuƙa tuwon garin alkama, ya kaɗa busasshiyar kuɓewa da ya ce wani matuƙin jirgi ke kawo masa daga Dakar. Ina ci hawaye na zuba cikin kwano, shi kuwa ya juya baya yana gyara murhu kamar bai gani ba. Da na ƙoshi ya nuna akwatin da haɓa ya ce me ke ciki. Na gaya masa.

Ya ce, "Mu da ƙafarmu muka kawo musu namu. Yanzu a kwalba suke so."

Washegari ya cire tsohuwar rigarsa ta soja mai kauri daga ƙusa ya yafa mini, ya raka ni tashar jirgin ƙasa.

A Paris na sami makarantar da Farfesa ke aiki, wani dogon gini baƙi mai matakala da yawa. Ya fito da farar riga ya karɓi akwatin, ya ɓalle murfin, ya duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Da ya ga babu wadda ta fashe sai ya dafa kafaɗata ya ce na yi aiki mai kyau. Na gaya masa an sace mini kayana. Ya ce Marsey ke nan, ya tura ni wajen sakatariyarsa.

A bakin sakatariyar na ji cewa babu bursu. Ta ce takardar anfirme ta mulkin mallaka ba ta shigar da mutum makarantar lokotoro, sai mai babbar difloma ta lise, wato sakandare, ni kuwa ban da ita. Na ce ai Farfesa ya san haka tun muna Zinder. Ta ɗaga kafaɗa. Da na koma wurinsa ya ce in fara aiki a labo, ɗakin gwaje-gwajensa, tukuna, baɗi a gani. Aka rubuta ni garson labo. Aikina wankin kwalabe, da share ƙasa, da kwashe kashin zomayen da ake gwaji da su.

Aka samo mini ɗaki a can ƙarƙashin rufin wani bene, in na miƙe tsaye kaina na taɓa katako. Matar da ke gadin gidan ta hana ni alwala a famfon da ke baranda, ta ce ina jiƙa mata ƙasa. Ban san inda alƙibla take ba sai da wani Balarabe mai sayar da gyaɗa a bakin titi ya nuna mini. Azumi ya zo ya same ni ni kaɗai, in sha ruwa da burodi da madarar gwangwani, ba mai ce mini barka da shan ruwa. Abin da na fi kewa ba shi da wani daraja: warin majema da ke bin rigar babana, da manyan duwatsun bayan gidanmu da ke riƙe zafin rana har magariba, da furar da innata ke damawa ta ajiye mini a ƙarƙashin faifai.

Ba zan ce Farfesa ba malami ba ne. Kafin kowa ya zo yana labo, sai kowa ya tafi yake tafiya. Ɗalibai na zuwa masa daga ƙasashe masu nisa, kuma duk wanda ke son kujerar koyarwa a wannan fanni sai ya nemi ya sa masa hannu. A bangon bironsa akwai babbar taswirar Afirka da ya caccaka wa allurai masu kai ja da baƙi, kowace allura gari ne da aka ɗebi jinin mutanensa. In yana karantarwa nakan jingina tsintsiya in tsaya a bayan ƙofa. Rabi nake ganewa, rabi ya wuce ni.

Wadda ta lura da ni ita ce Madam Lusi, wata dattijiya mai aikin gwajin jini, mijinta ya mutu a yaƙi. Wata rana da tsakar rana, kowa ya fita cin abinci, ta kira ni ta zube wake fari da ja a kan tebur. Ta sa fari ɗaya da ja ɗaya a kofi ta ce wannan uba ne. Ta yi haka a wani kofin ta ce wannan uwa ce. Ta ce in rufe ido in ɗauki ɗaya daga kowane kofi, abin da ya fito shi ne ɗa. Na yi ta ɗauka. Wani lokaci fari biyu, wani lokaci fari da ja, wani lokaci ja biyu.

Ta ce, "Mai fari da ja irinka ne, lafiyarsa lau. Mai ja biyu shi ne mai ciwon. Ka ga ja biyu ba su fitowa daga kofi ɗaya."

Na ce, "Wato sai uban ma yana da shi?"

Ta ce, "Dole."

Na daɗe ina kallon waken nan. A Tirmini, tun daga uwar miji har maƙwabta, nonon Habsu ake zargi. An ba ta jiƙe-jiƙe har cikinta ya lalace. Ba wanda ya taɓa duban Malam Idi, kuma Farfesa ya ga jininsa tun muna can bai ce wa kowa komai ba.

Na sami Farfesa a bironsa na ce ina da tambaya. Na ce yaushe za a fara aikin maganin.

Ya cire tabarau ya ce, "Wane magani?"

"Na ciwon. Na ƴaƴan yayata."

Ya ce, "Lawali, ni ba mai magani ba ne. Ina binciken inda abin ya samo asali ne da hanyar da ya bi ya yaɗu. Magani aikin wasu ne, wataƙila jikokinka su gan shi." Ya faɗe shi a hankali, ba da faɗa ba. Sannan ya mai da tabarau ya ce kwalaben jiya ba su fita sosai ba.

Akwai wani aikina da ba a rubuta a takarda ba. Duk lokacin da manyan baƙi suka zo labo, Farfesa sai ya leƙo ya ce, "Lawali, yatsa." In miƙa hannu, a soka, a matse ɗigo a kan gilashi, a ɗiga wani ruwa, a rufe. Baƙin su yi layi suna leƙa madubi suna gyaɗa kai in ƙwayoyin sun fara lanƙwashewa. Su yi musabaha da Farfesa su fita. Kan yatsuna ya yi kanta har sai da aka koma kunne. Baɗi ta zo, na tuna masa da karatu, ya ce ana ƙoƙari. Wata baɗin ta zo, ya ce al'amuran mulkin mallaka sun rikice, a jira a ga yadda za su kasance.

A cikin wannan jira ne na haɗu da wani ɗalibi ɗan Zinder, ɗan wani attajirin Zango, da ya dawo daga hutu. Muna shan kafe ya ce, "Af, ka ji an saki yayarka?" Ya ɗauka na sani. Ya ce dangin miji sun ce wabi ce, ba za su zauna suna haƙa kabari duk shekara ba. Ta koma gidanmu da Sani. Malam Idi ya auri wata daga Gaffati.

Ba a daɗe ba aka yi babban taron masana jini, daga ƙasashe da yawa, a wani zaure mai kujeru hawa-hawa. Aka ba ni sabuwar farar riga aka zaunar da ni a gefen dandamali kusa da teburin madubi. Aka rage fitilu, aka haska hoto a bango. Zane ne na iyali: mai kusurwa huɗu namiji, mai da'ira mace, layi ya haɗa su, ƴaƴa huɗu a ƙasa. Uku an cika su da baƙi an ja musu layi a karkace. A gefe an rubuta harafin farko na sunan kowa, a ƙasa an rubuta Tirmini. Na karanta su: Amadu, Rabi, Ɗan Asabe. Ni na ɗauki Rabi zuwa maƙabarta a tabarma.

Farfesa ya nuna da sanda ya ce wannan iyali ne mai kyau ƙwarai, da wuya a sami wanda ya fito sarai haka. Ya yi bayanin yadda abin ya bi hanyoyin fatake, da yadda mai ɗauke da rabinsa ke jure zazzaɓin sauro fiye da sauran mutane. Ya ce saboda haka waɗannan yaran su ne abin da al'umma ke biya don ta tsira daga zazzaɓi. Zauren ya ɗauki tafi. Aka kunna fitilu, ya juyo gare ni da murmushi ya ce wa jama'a ga kawun yaran nan da kansa, yanzu za su gani da idonsu.

"Lawali, yatsa."

Na sa hannuwana biyu a aljihun farar rigar. Ya sake faɗa, ya matso kusa ya rage murya ya ce, "Ba a nan ba, don Allah." Na ce masa da Faransanci, ba da ƙarfi ba, sunanta Rabi, shekararta uku, tana son ƙosai. Ban san abin da ya sa wannan ne ya fito daga bakina ba. Na sauka daga dandamalin na bi ta tsakiyar kujeru na fita. Na ji yana ba jama'a haƙuri, wasu suka yi dariya kaɗan.

Washegari bai yi mini tsawa ba. Ya ce ya ɗauka ni mai hankali ne, ya ce ilimi ba ya tafiya da son zuciya, kuma wata rana ƙasata za ta gode masa. Sakatariya ta ba ni takardar sallama. Madam Lusi ta biyo ni har matakala ta cusa mini ƙunshin ƙwayoyin kini na zazzaɓin sauro a aljihu. Ta ce babu magani, amma a hana yaron jin sanyi, a ba shi ruwa da yawa, a kare shi daga sauro, in zazzaɓi ya zo kada a jira. Ta riƙe hannuna ta duba kan yatsun, sannan ta koma ciki.

Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi dakon kayan lambu a kasuwa. Aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama ƙarƙashin Faransa ina can, ɗalibai na ta gardama a gidajen kafe a kan wanda zai zama minista. Da na tara abin da zai kai ni Marsey sai na koma wurin Baba Kyari. Ya tsufa ƙwarai, tari ya kama shi. Shi ya roƙi wani kuku ya ɗauke ni yaron kicin a jirgin da ke zuwa Kwatano. Na ce ya zo mu tafi tare, ƙasa za ta samu ƴanci.

Ya ce, "In je in kai musu me? Da na tafi ina da ƙarfi. Ka gai da Gure in ka bi ta can." Ya ƙi karɓar rigarsa.

Na iso Yamai a shekarar ƴancin kai, tutoci ko'ina. Na je biron lafiya neman aiki. Sabon darakta ɗan ƙasa ne, matashi, kuma hoton Farfesa na rataye a bayan kujerarsa, domin a hannunsa ya yi karatu lokacin da Farfesa ke koyarwa a Dakar. Da ya ji inda na fito ya miƙe ya ba ni hannu ya ce na yi sa'a, mutumin nan shi ya sa duniya ta san da mu. Ya ce ana shirin gayyato shi a ba shi lambar girma. Sannan ya tambayi difloma. Na ce babu. Ya zauna. Ya ce tun da na bar aiki shekaru ba izini, sai dai in koma anfirme daga matakin farko.

Kafin in shiga Zinder na sauka daga kamyo, babbar motar kaya, a Tirmini. Na sami Malam Idi a ƙofar gida yana auna gyaɗa. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa. Na yi masa bayani a hankali, har na ɗebi gyaɗa da tsakuwa na nuna masa yadda Madam Lusi ta nuna mini. Ya saurara har na gama, sannan ya kira yara biyu daga cikin gida, ƴaƴan sabuwar matar, ƙatti, kumatu cike.

Ya ce, "Lawali, dube su. In a jinina yake, ina yake a nan?"

Na ce uwarsu ce ba ta da shi. Ya yi murmushi ya ce, "To ai abin da muka ce ke nan." Ya ci gaba da awonsa.

Na shiga gidanmu ana yayyafi. Babana ya rasu ina Paris, innata ta rungume ni tana kuka tana shafa fuskata. Habsu ba ta fito ba. Na same ta a ɗaki zaune a kan tabarma, Sani na kwance a cinyarta, ya rame, cikinsa ya yi tulu, yana nishi da haƙora a cije. Tun da damina ta sauka ƙafafun suka tashi. Habsu kuwa ta tsufa fiye da innarmu.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Lawali. Ka sha hanya."

Na ce, "Yauwa, Yaya. Ya mai jiki?"

"Ga shi nan." Ta dubi hannuna, ta dubi ƙullin kayana. "Ka zo da maganin?"

Na ce babu magani, ko a can babu. Na fito da ƙwayoyin kini na ce wannan na zazzaɓi ne. Ta karɓa ta ajiye a gefe. Na durƙusa na ce amma na koyo abu ɗaya da nake so ta ji: ba nononta ba ne, ba laifinta ba ne, daga su biyu abin ya fito.

Ta daɗe tana shafa kan yaron. Sannan ta ce, "Wannan ai na sani tun ba ka tafi ba. Ni na shayar da su, na san abin da na ba su." Ta gyara zaninta ta zame cinyarta a hankali. "Zo ka riƙe mini shi in ɗora ruwan gashi. Kada ka taɓa gwiwar."

Na zauna na karɓe shi. Bai san ni ba, amma bai da ƙarfin ƙi. Ya kai kaka, aka yi girbin gero da shi. Kafin a gama sussuka muka kai shi kusa da babana.